Shaidar da Ba a Kira Ba

Rudaina tana tsakar gida tana dama busasshen nonon da ake miyar mansaf da shi, abincinsu na shinkafa da nama, sai ga Hajji Falah, ƙanen mahaifin mijinta, ya shigo. Kwana tara ke nan da aka kama mijinta Mu'ayyad bisa zargin ya buge wani makiyayi da motar gidan a hanyar garin Karak ya gudu. Makiyayin ya rasu.

Hajji ya ce magana ta ƙare. Jiya dattawa sun je wurin dangin mamacin, aka zuba musu gahawa, suka ƙi taɓa kofunan sai da aka yi musu alkawarin ba za a ɗauki fansa ba. Sharaɗin shi ne su amsa laifin a gaban jama'a, shi kuma ya amsa da sunan Mu'ayyad.

"Baffa, ranar fa muna asibiti tare da Mu'ayyad, awon ciki. Ga katin, likitar ma ta gan mu tare. Ɗanka Nayif ne ya karɓi makullin motar."

"Sannu, lauya. Nayif 'ya'yansa biyar, ke ko ɗaya ba ki sauke ba."

Ya yi mata bayani a natse. In Mu'ayyad ya musa a kotu, maganar da aka yi a kan gahawa ta zama ƙarya, alkawari ya warware, dole gidan duka su bar ƙauyen don gudun fansa. Mutum talatin da wani abu, har da mahaifiyar Mu'ayyad da ba ta gani.

Ranar ziyara a gidan yari Rudaina ta manna katin a jikin gilashin da ya raba ta da Mu'ayyad. Ta gaya masa lauya ya ce doka ta ba shi damar kare kansa da kiran shaida, kalma ɗaya ake jira daga bakinsa. Mu'ayyad ya daɗe yana duban cikinta.

"Kin yi ƙiba, uwar gida. Da alama rashina ya karɓe ki."

"Ka bar wasa. Ka ce a kira ni."

"To Umma fa, ina zan kai ta?"

A kotu alƙali ya tambaye shi ko yana da abin faɗa, ko shaidar da zai gabatar. Ya maimaita tambayar, don fuskar yaron ba ta kwanta masa ba. Mu'ayyad ya waiwaya. Baffanninsa sun cika benci biyu, Rudaina tana can ƙarshe riƙe da jakarta.

"Babu, ranka ya daɗe."

Rudaina ta miƙe tsaye, surukarta ta lalubo hannunta ta riƙe tana kuka, sai ta koma ta zauna. Aka yanke masa shekara uku.

Ta haifi mace a watan tsintar zaitun. Iyayenta suka ce ta nemi saki ta huta da mutanen nan, ta ƙi. Duk mako tana hawa motar Karak da jaririyar, har ya fito da furfura a gemu, yarinyar tana ɓuya a bayan uwarta in ya miƙa hannu. Sun zauna tare, suna son juna, haƙurinta ya tsare mata wannan. Sunansa dai bai wanku ba, kuma Nayif ne ke jan motar har yau.

Doka takan buɗe wa mutum baki, dangi su rufe shi. Wanda ya hana ɗan'uwansa kare kansa shi ya yanke masa hukunci, alƙali sa hannu kawai ya yi.