Ƙasar Ƙofar Gida

Ranar Juma'a da la'asar aka bugo waya ofishin 'yan sanda na Abu Hujar, aka ce an tsinci gawa a Hillar Dikko. Insifekta Mujahid ya ture kofin shayinsa, ya kira kofur da direba, suka hau boksi, wato a-kori-kurar ofis.

Hillar Dikko ƙauyen Hausawa ne a ƙasar masu jin Larabci, a bakin kogi, kuma kogin cin sa yake yi. Kowace damina sai gaɓa ta zube. Ta tafi da lambuna, ta tafi da makaranta, ta tafi da layin gidaje sukutum. An kai kuka birni har an gaji. Daga ƙarshe aka ce wata lajna, wato kwamitin gwamnati, za ta zo ranar Litinin ta duba ko za a ba su sabon fili. To, wanda ya san mutanen lajna ya san ba sa taka laka da takalmansu. Shi ya sa shehun ƙauyen, Alhaji Sadisu, ya sa wani kafinta mai suna Maliki ya gina garin a kan allo, ɗan ƙarami, yadda yake kafin ruwa ya fara ci, don a ajiye wa baƙin a inuwa su ga abin da aka rasa. Wannan allo shi ne abin da ya rage wa garin.

Malikin ne aka tsinta kwance a rumfarsa.

Insifekta ya tsuguna. Rauni ɗaya ne, a ƙeya, kuma ga jini a kan ƙarfen matse katako. Rediyo na nan, kayan aiki na nan. Ba ɓarawo ba ne.

Ya miƙe ya dubi allon, ya daɗe yana dubawa. Tsohon ƙyaure ne aka kwantar a kan durom biyu. An jera buhunan algarara da kwali an tayar da tudu, an shafe da laka. Kogin kuwa, shuni ne aka dama da ƙaro, aka yi ta shafawa har yana ƙyalli kamar zai gudana. Itatuwa na waya ne da soso, danga ta tsinken tsintsiya, gidaje ba su wuce akwatin ashana ba. Har hanyar da jakuna ke bi zuwa ruwa an fitar.

A bakin kogin nan na shuni, an ƙwaƙule wuri guda kamar faɗin tafin hannu, har katako ya bayyana.

Matar mamacin, Ma'u, tana zaune jikin danga, ta rufe fuska da mayafi.

"Baiwar Allah, wa ya fara ganinsa?"

"Ni, Janabu," ta ce, yadda ake kiran jami'i a nan. "Na kawo mashi abinci bayan an sauko masallaci."

"Shi bai je Juma'a ba?"

"Ƙafa ta hana shi. Kuma shina gaggawar aikin ga."

"Yana da abokin faɗa?"

"Maliki? Ko da akuya ba ya faɗa."

Insifekta ya nuna ƙarƙashin allon. Gwangwanayen tumatir ne birjik, kowane da 'yar ƙasa a ciki, wata baƙa, wata ja, wata mai yashi. Ga rariya a gefe.

"Ƙasa dai ƙasa ce. Me ya hana shi cika buhu ɗaya daga bayan gida?"

Ma'u ta ja mayafi ta ƙara rufewa. "Ban san aikin maza ba."

Macen da ta shekara talatin tana auren kafinta ta ce ba ta san aikinsa ba. Insifekta ya sa aka ɗauki gawa zuwa wurin likita, ya ce kofur ya zauna a bakin rumfa, kada ko kaza ta shiga.

Alhaji Sadisu ya tare shi a waje, dattijo mai farar jallabiya, carbi na rawa a hannunsa.

"Janabu, Allah ya jiƙan Maliki. Amma allon fa?"

"Allon shaida ne. In ban samu mai laifi ba, da shi zan tafi."

"Subhanallahi! Litinin lajna za ta zo. Ka tafi da shi, mi za mu gwada masu? Bakinmu? Sun ji bakinmu sun ƙoshi."

"To taimake ni, Shehu. Wa bai zo masallaci ba yau?"

"Kowa ya zo."

"Kowa? Ka ƙirga su?"

"Garin ga nawa yake, Janabu?"

Insifekta ya ja shi gaban allon, ya ɗora yatsa kusa da ramin. "Gidan wa ke nan?"

Shehu bai ko sunkuya ba. "Kango ne. Babu kowa nan tun da daɗewa."

"Kango, aka zo aka kashe mutum a kansa?"

"Allah shi ya sani."

Washegari da hantsi Insifekta ya dawo. Ya tsaya gaban allon ya haddace hanya: daga masallaci, a bi layin da ke da bishiyar tsamiya, a miƙe har ƙarshe. Ya fita ya bi ta da ƙafa. Ya wuce masallaci, ya wuce tsamiya, sai hanya ta yanke. Gaɓa ce tsaye kamar an sare ta da wuƙa, ruwa ja yana juyawa a ƙasa. Inda gidan ya kamata ya kasance, yanzu kifi ke kwana.

A gindin tsamiyar wata tsohuwa ke sayar da shayi, kowa Iya yake ce mata. Ya zauna a kan benci.

"Iya, a ba ni mai na'ana'a."

"Ɗan sanda da Hausa a baki! Ɗan wa kake?"

"Mutanen garin Suki ne mu."

"Shi ya sa Hausar taka duk ta sha Larabci. Karɓi."

Ya kurɓa. "Gidan da ke can ƙarshe, kafin ruwa ya ci, kango ne?"

Iya ta yi dariya har ta dafa gwiwa. "Wa ya ce maka? Gidan Bilyamin ne, ɗan ƙanwar Shehu. A ciki aka haife shi. Bara waccan ruwa ya kwashe, ya koma bayan gari ya kafa 'yar rakuba, rumfar kara."

"Ɗan ƙanwar Shehu."

"Ni dai shayi nake saidawa."

"Gwangwanayen ƙasar nan na Maliki fa?"

Tsohuwa ta daina dariya. Ta duba hagu da dama.

"Wannan ita ce masifar. Cewa ya yi kowane gida da ƙasar ƙofarsa zai shafe tsakar gidan a kan allo, wai don gari ya zama garin gaske. Sai a gan shi da sassafe, tsugune a ƙofar mutane, shina kankara da cokali. Waɗanda gidansu ya tafi, ya bi su inda sunka koma ya ɗebo. Kai ɗan Hausa ne, Janabu. In ka ga mutum na ɗibar ƙasar da iyalinka ke takawa, mi za ka ce?"

"Sammu."

"To. Ni na san Maliki ba ya da wannan. Wauta ce ta masu hannu. Amma an yi ta zuwa ana yi wa Ma'u magana, har mata sunka daina amsa sallamarta. Shehu ya hau mumbari ya ce a bari, aikin gari ne. Aka yi shiru. Shirun baki dai."

"Taki ƙofar fa, ya ɗiba?"

"Ya ɗiba." Ta juya cokali a kofi. "Tun ranar nake jin gwiwa. Amma dai da ma ina jin ta."

Rakubar Bilyamin kara ce da buhu, a bayan gari inda babu inuwa. Shi dogo ne, ƙaƙƙarfa, irin masu aikin kwadago a gonakin wasu. Idanunsa sun yi ja. Matarsa Sharifa ta leƙo ta koma.

"Jiya da azahar ina kake?"

"Masallaci."

"Wa ke kusa da kai a sahu?"

"Ban duba ba. Salla na je yi."

"Liman a kan me ya yi huɗuba?"

"Tsoron Allah."

"Kullum ma haka ne. Yaushe rabonka da rumfar Maliki?"

"Ban taɓa shiga ba."

Daga ciki aka yi wani tari, siriri, na yaro. Insifekta ya nemi izini ya shiga. Yarinya ce kwance a kan gadon igiya, ba ta fi shekara bakwai ba. Hannuwa kamar sillen kara, ciki ya kumbura ta gefen hagu, fata ta yi duhu. Wanda ya yi aiki a ƙauyukan kogin nan ya san ciwon saifa in ya gan shi, wanda likitoci ke kira kalazar.

"Sunanta?"

"Ilham," in ji Sharifa.

"Tun yaushe?"

"Tun farkon damina."

"An kai ta asibiti?"

Sharifa ta dubi mijinta, shi ya dubi ƙofa.

A bakin gadon akwai baho, ruwa ya kwanta a ciki, baƙi-baƙi da shuɗi a sama.

"Wannan fa?"

"Wanki na yi, Janabu. Shuni ne," in ji Sharifa.

Insifekta ya tsoma yatsu biyu, ya murza. Suka manne da juna. Shunin wanki ba ya danƙo. Ya zura hannu har ƙasa, ya lalubo cikin lakar, ya fito da wani abu ya ɗora a tafinsa. 'Yar bishiya ce ta waya, soson ya jiƙe. Ya ɗaga zanen da aka rufa wa yarinyar. Ƙafafunta duk shatin laka ne da shuɗi, ya bushe.

"Bilyamin, kai ma kafinta ne?"

Mutumin ya zauna a ƙasa. Sharifa ta toshe baki da mayafi.

"Lafiyarta lau," ya ce. "Wallahi lafiyarta lau, har ran da ya zo ya kankari ƙofar nan. Nan take wasa, nan sawunta yake. Kwana kaɗan zazzaɓi ya kama ta. Na kai ta wurin mai magani, ya ce an ɗauki sawunta, sai an maido ƙasar an jiƙa an yi mata wanka. Na je na roƙi Maliki. Na ce Baba Maliki, ba ni 'yar ƙasata. Ya yi dariya, ya ce ƙaro ya kama, in ya ɓamɓare bakin kogi zai tsage. Ya ce in bari bayan Litinin. Na koma, ya ce bayan Litinin. Janabu, dube ta. Wannan za ta kai Litinin?"

"Sai ka je lokacin Juma'a."

"Na ɗauka shina masallaci. Na sa kurfin sassaƙa ina ƙwaƙula, sai ga shi daga bayan danga. Ya riƙe mani hannu, shina cewa gari, gari, za ka kashe gari. Na ture shi. Turewa ɗaya." Ya dubi hannunsa. "Ban tsaya ba. Ƙasar na dunƙule na fito."

"Kawunka ya sani?"

"Ya ga babu ni a sahu. Bai tambaye ni ba."

Sharifa ta matso. "Amma ta ji sauƙi, Janabu. Jiya bayan wankan ta buɗe ido, ta ce a ba ta ruwa. Maƙwabta duk sun gani."

Insifekta ya taɓa goshin yarinyar. Kamar garwashi. Zazzaɓin nan haka yake, ya sauka ya hau, amma bai tsaya yi musu bayani ba. Ya aika direba ya kira kofur, ya zo da ankwa. Ya ce Sharifa ta naɗe 'yarta, za a sauke su asibiti. Ya san an makara ƙwarai, bai faɗa ba.

Aka ɗora Bilyamin a bayan boksi, aka kwantar da Ilham kusa da shi. Insifekta ya ce a bi ta rumfar Maliki. Tunda mai laifi ya amsa da bakinsa, zai bar wa Shehu allon har Litinin ta wuce, doka ta yi haƙuri.

Tun daga nesa ya hango taro. Rumfar da kofur ya bari ta cika maƙil. Labarin yarinyar da ta buɗe ido ya zaga gari tun jiya, abin da ake jira kawai ɗan sanda ya ɗaga. Maza da mata, wani da wuƙa, wani da cokali, wani da farce, kowa ya sunkuya yana neman gidansa. Iya ta fito tana ɗingishi, ta ƙulle wani abu a bakin zane. Ma'u na tsaye gefe, ba ta hana kowa ba.

Insifekta ya kutsa ciki. Babu masallaci, babu tsamiya, kogin ya farfashe. Katako ne kawai da tsumman buhu, da ramuka.

Alhaji Sadisu na jingine da durom, hularsa a karkace.

"Shehu, kana tsaye aka yi wannan? Litinin me za ku nuna?"

"Na hana, Janabu. Wallahi na hana, har muryata ta dishe."

Insifekta ya dubi hannun dattijon. Yana dunƙule da hankici, laka ta ɓata shi. Shehu ya ga inda yake kallo. Bai ɓoye ba.

"Ni ma ina da jikoki," ya ce.

Insifekta ya koma mota, ya rufe ƙofa, ya ce wa direba su tafi.