Gorar Ruwan Ikko

Ana gobe zai bar Ikko, bayan la'asar, Maharazu ya ɗauki gora ya nufi bakin teku ɗibar ruwa.

Maharazu mutumin Illela ne, fataucin jar fata yake yi. Lokacin da jirgin ƙasa ya fara kaiwa Kano, ya ji labarin Turawan kanti na bakin teku sun fi kowa sanin darajar fata, sai ya ƙudura kwashe matarsa Ummu da ɗiyarsu Hindatu mai shekara huɗu su koma Ikko da zama. Amma shi ba ya cinikin biri a sama. Ya ce sai ya je ya yi kwana goma ya ga garin da idonsa tukuna.

To, Maharazu irin mutanen nan ne da in ka yi musu sallama sai sun shafa aljihu kafin su amsa. In ya ɓata hanya, mutum uku yake tambaya, sannan ya bi ta huɗu. Ikko kuwa ta ba shi abin zargi har ya ishe shi. Ya taka doguwar gada yana gwada kowane katako da sanda. Ya ga jiragen ruwa kowanne ya kai unguwa guda. Ya ga fitilun titi suna kamawa ba mai ba lagwani, ya ce duk fitilar da ba ta shan mai akwai abin da take sha. Mai masaukinsa Hamidu, wani Basakkwace tsohon soja da ya shekara ashirin a garin, ya nuna masa gida mai ɗaki biyu da rijiya. Maharazu ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa rijiyar, ya zaga ya tambayi maƙwabta wa ya taɓa mutuwa a ciki. Da bai sami abin kushewa ba ya karɓa, ransa bai so ba.

Abu ɗaya ya rage, ruwa. A wajenmu matafiyi yakan ƙulle ƙasar garinsu a tsumma, ya riƙa barbaɗawa a ruwan baƙon wuri don kada ya kayar da shi. Maharazu ya ga ya fi kowa dabara, ya juya abin: zai kai wa Hindatu ruwan Ikko har gida, a riƙa ɗiga mata, cikinta ya saba kafin a taso.

Hamidu ya biyo shi har bakin yashi.

“Kak ka ɗebi ruwan ga, Maharazu. In na gari kaka so, ga rijiya can gida.”

“Ruwan Allah na. Wa ad da shi?”

Hamidu ya rage murya. “Akwai masu shi. Mu da munka daɗe nan, ko ƙahwa ba mu sa mishi da marece.”

Maharazu ya dube shi a kaikaice. Me ya sa mutumin nan ya nace wa rijiya? Lalle an zuba wani abu a ciki. Teku kuwa ba mahaluƙin da ya isa ya sa mata magani. Ya naɗe wando ya shiga.

Ruwan da sanyi, yashi yana zamewa ƙarƙashin ƙafarsa kamar ana jan tabarma. Ya nutsa gora, ta cika, ya toshe. Yana toshewa rugugin tekun nan da bai taɓa tsayawa ba tun zuwansa ya ɗauke ɗif, tsawon numfashi guda. Sannan ya ci gaba. Da ya waiga, Hamidu ya riga ya yi nisa, ba ya ko juyowa.

Jirgi ya kawo shi Zariya, ayari ya kawo shi Sakkwato. Duk tafiyar nan, ko an ajiye gorar a ƙasa ba mai taɓa ta, in ka kara kunne za ka ji ruwan yana kai da komowa. Maharazu ya ce gajiya ce.

A Sakkwato aiki ya tsare shi kwana uku wajen majema. Halin nasa ya motsa: in ɓarayi suka tare shi fa? Ai ba a tara kaya wuri ɗaya. Ya tsiyaye rabin ruwan a kwalba, ya ba Maccido ƙanin Ummu da zai riga shi isa gida, da saƙo: kullum da safe a ɗiga kaɗan cikin ruwan shan Hindatu.

Kwana na uku da tasowarsa, rana ta kusa faɗuwa ya wuce Amarawa, shi da jakinsa. Tsakiyar bazara ce. Gonaki fayau, ƙasa ta tsattsage, ko tsuntsu ba ya kuka. Illela saura tafiya kaɗan.

Sai ya ji ƙarni.

Ƙarnin ɗanyen kifi da gishiri. Ya ce ko iska ce ta kwaso daga tafkin Kalmalo. Amma ba iska, kuma kifin Kalmalo ba haka yake wari ba. Wannan warin wuri ɗaya ya san shi.

Jakin ya toge. Kunnuwansa suka miƙe.

Daga bayansa, ta kudu, wani sauti ya taso. Shuuu. Sautin ya ja baya. Ya sake tasowa, kusa.

A gindin wata aduwa, gefen hanya, mace tana tsaye. Doguwa ce, ta lulluɓe da baƙin zane har ido. Maharazu ya ce a ransa tarkon 'yan fashi ne, ya duba bayan itacen, ya duba kwazazzabo. Ba kowa. Sai idonsa ya sauka ƙasa.

Zanenta yana ɗiga. Ƙasar da take kai ta jiƙe sharkaf, wasu ƙananan ƙaguwoyi farare suna fitowa daga ƙarƙashin zanen suna komawa.

“Bawan Allah,” ta ce a hankali. “Ba ni ruwa.”

Ba a hana mai roƙon ruwa. Ya kwance salka ya miƙa.

“Ba wannan ba.”

Cikin mangala gorar ta fara bugun haƙarƙarin jaki da kanta. Ƙwas. Ƙwas.

Ya buɗe baki zai yi ta'awizi, ya ji bakin cike da gishiri. Sanyi ya kama idon sawunsa. Ya duba, ba ruwa, amma yashi yana zamewa ƙarƙashin ƙafarsa, yana jan shi wajenta. Sanyin ya hau gwiwa. Ya hau ƙirji.

Ya fizgo gorar ya wurga mata.

Gorar ba ta faɗi ƙasa ba. Matar kuma ba ta miƙa hannu ba. Ya dai gan ta a hannunta. Ta ɗaga, ta girgiza a gefen kunne, ta daɗe tana saurare.

“Rabi ne,” ta ce.

Ta juya fuskarta arewa, wajen Illela.

Maharazu ya bar jaki, ya bar kaya, takalmi ɗaya ya fita bai tsaya ba. Ƙaya ta yi ta cizonsa. Shuuu ɗin nan yana bayansa, ba ya sauri, ba ya kuma raguwa. Ana kiran magariba ya faɗa zaurensa.

Ummu tana tsakar gida, Hindatu a cinyarta. Kwalbar tana kan bakin randa.

“Mi na na, Malam? Wa ya koro ka?”

Ya suri kwalbar, ya fita, ya ajiye ta bakin ƙofa, ya rufe ya jingina bayansa da ƙyaure. Ƙarnin ya cika zauren. Ruwa siriri ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, ya taɓa dugadugansa. Ya ji an ɗaga kwalbar. Ya ji an girgiza ta.

Shiru.

Sannan daga bayan ƙyaure, daidai kunnensa: “Saura kaɗan.”

Ruwan ya ja baya. Ƙarnin ya tafi.

Ya koma ciki. “Ummu, kin ba ta?”

“Yadda ka aiko. Kwana ukku ke nan. Ta yi ta tohwarwa ranar hwarko, yau ko da kanta ta roƙa.”

Maharazu ya zauna a ƙasa ya yi kuka irin na wanda ba shi da wanda zai ɗora wa laifi. Ya zargi Hamidu, ya zargi rijiya, ya zargi ɓarayin da ba su zo ba, ashe shi ne ya ɗauko abin da hannunsa, ya kuma aika da shi gaba don kada ya ɓata.

Ikko dai ba a koma ba. Kafin damina ya kwashe iyalinsa ya tsallaka iyaka, ya wuce Ƙonni, bai tsaya ba sai Tawa, inda rijiya take da gaba ashirin. Ya hana a tura Hindatu ɗibar ruwa, ko wanki bakin tafki. Malamai sun yi rubutu, ta sha, ta yi ƙiba, tana wasa kamar kowace yarinya.

Sai dai kullum rana ta kusa faɗuwa takan ajiye wasan, ta fito ƙofar gida ta tsaya tana kallon kudu. Wata rana Maharazu ya fito ya ɗauke ta, ya ji gashinta yana ƙarnin gishiri. Yarinyar da ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi Kalmalo ba ta kwantar da kai a kafaɗarsa, ta ce:

“Baba, yaushe za ka mai da ni? Tana ta jira.”