Igiyar Awon Kawu

Unguwar da ke bayan tashar manyan motoci gonar kakanmu ce. Akwai rijiya a cikinta, da rumbuna uku, da garke. Da gari ya iso bakinta, kawuna ya yanka ta filaye ya sayar. Cikin shekara biyu kuɗin suka ƙare, saura ɗan yanki a bayan rijiya.

Sai ya nemi wani boka. Shi ya ba ni labarin da bakinsa. A wani tsohon ramin haƙar yashi ya same shi, da tsakar rana. Jini ya bushe a kan duwatsu, amma babu ƙuda ko ɗaya. Ga ƙahoni a jere, ga tukunya cike da baƙin ruwa.

"Ƙasa ta ƙare mini," in ji kawu.

"Ƙasa ba ta ƙarewa, mai gona. Ciyar da ita ake yi."

"Da me? Rago? Sa?"

Boka ya yi dariya. "Tun yaushe take ciyar da gidanku?"

"Tun kakanni."

"To ita ta san abin da take so. Ka yarda?"

"Kada dai a taɓa mini 'ya'ya."

"Ni ba na taɓa kowa."

Ya zaro igiya daga tukunyar, ya ce kawu ya auna yankin da ita sau ɗaya.

A shekarar na dawo daga karatun awon ƙasa. Kawu ya ce, "Ɗan boko, zo ka gwada mana na'urar taka." Na auna: fili huɗu. Ya sayar da biyu. Na sake aunawa: fili huɗu. Na zargi na'urar, na aro wata. Huɗu.

Kawu ya gina bene, ya jera motoci. Fili ya ƙaru, goggo, 'yar'uwar kawu, ta faɗi a bakin murhu ba ta tashi ba. Wani filin ya ƙaru, babban ɗan kawu ya kwanta da zazzaɓin yini ɗaya. Ni nake awo, ni nake ɗaukar makara, don haka ni na fara lura: duk wanda ya tafi ya ci hatsin gonar nan. Na ajiye aikin.

Kawu ya daina sayarwa, ya ƙone igiyar. Yankin bai daina faɗi ba. Matarsa ta hau tebur ta ƙi sauka, tana cewa ƙasa na lasar mata tafin ƙafa. Har yau a can ake ba ta abinci.

Da 'ya'yansa suka ƙare, saura autarsa kaɗai, na gan shi durƙushe a bayan rijiya, yana cusa hannuwa cikin turɓaya.

"Ni ki ɗauka. Ki bar mini yarinyar."

Ranar Laraba muka binne yarinyar. Kawu yana nan da ransa, lafiyarsa ƙalau, yana da filayen da ba mai saye.

Mai kwaɗayi, in an ce maka ba sai ka san farashin ba, tashi ka bar wurin. Ba kai za a fara karɓa ba.