Saude Ta Yi Gabas

Akwai alherin da mutum zai yi ya zo yana cizon yatsa a kansa har tsufa, kuma ba shi da bakin faɗa wa kowa, don in ya faɗa za a ce ya yi saɓo. Irinsa ne ya sami Garba masaƙi na Bungudu, a shekarun da ake ta maganar Nasara za su jawo hanyar jirgin ƙasa har Gusau. Ranar da abin ya fara kuwa babu wanda ya ga alamar komai.

Saude, 'yar Garba, ita ta fara ganin baƙon. Ta taso daga gulbi da tulu a ka, sai ga wani saurayi zaune a gindin tsamiyar ƙofar gidansu, ya miƙe ƙafa ɗaya ta kumbura sumtum, gafakar littattafai a cinyarsa.

"Baiwar Allah, ko zan sami ruwa?" in ji shi.

Ta sauke tulun ta ba shi. Ya sha, ya ɗago kai zai yi godiya, sai idonsa ya tsaya a kanta. Ita ma ta sunkuyar da kai tana wasa da gammo.

"Mi ya same ka ga ƙafa?"

"Kurkunu. Ayarinmu ya wuce ya bar ni. Sunana Attahiru, daga ƙasar Gwanja nake, gabas za ni."

"Gabas ina?"

"Makka, in Allah ya yarda."

Saude ta dubi ƙafar, ta dube shi. "Da wagga ƙafa ko Gusau ba ka kai ba, Malam."

Ya yi dariya duk da zafin da yake ji.

Garba ya sauke shi a zaure. Ita Saude ita kaɗai ta rage masa, annobar murar da ta biyo bayan yaƙin Jamus ta ɗauke uwarta da yayyenta maza biyu. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake kiranta. Yayarsa, Gwaggo Tambaya, ita ke riƙe da gidan, kuma ita ta riƙa naɗe kurkunun a tsinke kaɗan-kaɗan har ya fita.

Kafin ƙafar ta warke, gari ya gane irin baƙon da ya samu. Da hantsi yara suna gabansa, bayan la'asar kuma magidanta su taru yana koya musu hukuncin alwala da sallah da rabon gado. Garba kansa, da gemunsa, a wurinsa ya gyara karatun da ya baro tun yana yaro. Attahiru ya ce zai zauna shekara guda, ya biya garin alherinsa, sannan ya wuce.

Saude ba ta zama a zauren, amma kullum sai ta sami dalilin wucewa ta cikinsa. Gwaggo Tambaya ta gani ta kau da kai, har ranar da Attahiru ya tsayar da ita da akushi a hannu.

"Gwaggo, ki ce wa Uwar Tulu, tun ranar da ta shayar da ni ban ƙara jin daɗin ruwan kowa ba."

Gwaggo ta kai saƙo, ta dawo da amsa tana ƙunshe dariya. "Ta ce in gaya ma Na-Gwanja, shan ruwa ne ya sa mishi kurkunu, ya yi hattara kada ya ƙara kwasar wani ciwon."

"Ki ce mata na riga na kwasa, kuma ba na neman magani."

A lokacin akwai Jatau, ɗan wani aminin Garba a Tsafe, mai gonar auduga da jakai. Ya daɗe yana aiko da goro yana neman Saude. Wata Juma'a ya zo da kansa da turmin zane, Attahiru yana zaure ya ga an shiga da shi. Daga ranar ya daina aika saƙo, in Saude ta wuce sai ya kafa ido a littafi.

Ta jure kwanaki, sannan ta tare shi a bakin tsamiya da yamma, Gwaggo na gefe tana gyaran auduga.

"Na-Gwanja, laifin mi na yi?"

"Ba ki yi komai ba. Mai gona da jakai ya zo. Ni me gare ni? Gafaka da sanda, da hanyar da ban san ƙarshenta ba."

"Zanen yana nan ƙunshe yadda ya zo, gobe Gwaggo za ta mai da shi. Na ce maka jakai nike so?"

"Saude, na yi wa mahaifina alkawari yana bakin mutuwa zan kai ƙafata Makka. Ba zan zauna ba."

"Na ji tun ranar farko. Na ce maka ka zauna?"

"Uwar Tulu, za ki kashe ni."

"Kurkunu bai kashe ka ba, ni za ni kashe ka?"

Da maganar ta isa kunnen Garba, ya tashi daga masaƙa ya jefar da ƙoshiyar saƙa.

"Baƙo raɓa ne! In ba shi ita, gobe ya naɗe buzunsa ya tafi, in nemi wa? Tsafe tafiyar yini ce da 'yan kai. In na yi ciwo a aika ta zo. Ban yarda ba."

Saude ta daina cin abinci sosai. Attahiru kuma ya fara shirin komawa wani zauren don kada ya ci amanar masauki. Nan hankalin dattawan unguwa ya tashi, don ba sa son rasa malaminsu. Liman Dogo ya zo da kansa ya zauna kusa da masaƙar.

"Malam Garba, kana da wayo amma ka manta abu guda. Kakana daga yamma ya fito, shi ma Makka za shi. Aka ba shi mata da gona, ga kabarinsa can bayan masallaci. Rabin malaman ƙasar ga haka sunka zauna. Ka ba shi ɗiyar, mu mu ba shi gona bakin fadama. In ya ga dawarsa ta fid da kai, ga amarya ga ɗaki, ina za shi?"

"In ya tafi fa?"

"Ba ya tafiya. Mun ga irinsu."

Garba ya kwana biyu yana juya maganar, ya amince. Ranar da aka kawo goron tambaya, Attahiru ya durƙusa a gaban dattawa ya ce, "Baba, ina so a shaida. Bayan kaka zan tafi, kuma da iyalina zan tafi."

Dattawa suka dubi juna suna murmushi. Liman ya ce, "Allah ya kai mu kakar." Garba ya ji maganar da kunnensa sarai, amma ya zaɓi ya gaskata murmushin.

Damina ta yi kyau. Attahiru ya yi noma kamar ɗan gari, dawarsa ta fi ta maƙwabta. Garba ya gina musu ɗaki a bayan nasa, ya yi jinka da hannunsa. Kowace yamma ya ji muryoyinsu a bakin tsamiya sai zuciyarsa ta yi sanyi.

Ana gab da girbi Saude ta kawo masa zaren da ta kaɗa, siriri, fari tas, cikin faifai.

"Baba, fari nike so ka saƙa mini. Kada a sa mishi ado ko kaɗan."

Ya yi murna. Rigar ango ce, ya ce a ransa. Bai taɓa saƙa abu da irin wannan kulawa ba, in zare ya tsinke sai ya ɗaura shi yadda ido ba zai gani ba. Ya gama abin da ya isa riga da wando, ta ƙaro zare. Ya saƙa. Ta sake ƙarowa.

"Uwata, wannan angon naki giwa ne? Wane maɗinki za a kai wa?"

Saude ta ajiye faifan. Gwaggo Tambaya ta tashi ta shige ɗaki.

"Ba riga ba ce, Baba. Ka san mai tafiya gabas ba ya fita sai da likkafaninsa cikin kaya. Na farkon nashi ne. Wanga da ke kan masaƙa nawa ne."

Ƙafafun Garba suka tsaya a kan matakan masaƙar. Ya dubi farin da ya naɗe a cikinsa, ya dubi hannuwansa.

"Ni kika sa na saƙa miki likkafani?"

"Ban son na kasuwa. In ta Allah ta kasance can inda ba ni da kowa, ina son abin da hannunka ya taɓa ya rufe ni."

"Ki hana shi! Ke kaɗai za ki iya. Ki yi mishi kuka, ki ce ba ki iya barina. Don haka na ba shi ke!"

Maganar ta fita kafin ya riƙe ta. Saude ta ɗago ido cike da hawaye.

"Na sani, Baba. Duk gari ya sani. Turke kunka so ku yi da ni. In na riƙe shi zai zauna, ya yi ta kallon gabas har ya mutu da alkawarin ubansa a wuya, kullum ya dube ni ya ga abin da ya hana shi. Ban iya zama wannan matar."

"Ni fa? Wa za ya rufe ni?"

Ta durƙusa ta kama ƙafarsa tana kuka, shi kuwa ya kasa ɗora mata hannu a ka.

Ya tafi wurin Liman Dogo a fusace, yana son a warware maganar. Liman ya shafa gemu.

"Yaron ya faɗa gaban shaidu, Malam Garba, bai ɓoye komi ba. Kuma mi za mu ce ma mutane? Mun hana aure don ango za shi ɗakin Allah? Kai ma ka dace. Wa ya taɓa zuwa Makka a zuriyarku?"

"Kai ka ce ba ya tafiya."

"Na ce. Allah ya fi ni sani."

Shi ke nan abin da ya samu. Mutanen da suka ba shi shawara su ne suka riƙa tare shi a hanya suna yi masa barka, yana amsawa da amin.

Kwana uku bai taɓa masaƙar ba. A na huɗu Attahiru ya zo ya durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, in ka ce in bar ta, zan bar ta. Zan tafi ni kaɗai."

Garba ya so ya ce to. Ya leƙa tsakar gida ya hango Saude tsaye da taɓarya a hannu, ta daina daka, tana jiran abin da zai fito daga bakinsa. Ya san in ya faɗa za ta zauna, ya kuma san abin da zai riƙa gani a fuskarta kowace safiya.

"Tashi ka ba ni wuri," ya ce. "Ina da saƙa ban gama ba."

Aka ɗaura aure bayan an kai dawa rumbu. Aka yi guɗa, aka ci tuwo, 'yan mata suka yi gaɗa har ƙura ta tashi. Amarya ta kwana bakwai a ɗakin da ubanta ya gina, shi ke nan zaman da aka yi a cikinsa.

Ranar tafiya duk ɗaliban Attahiru suka fito, manya da yara. Ya bi su ɗaya-ɗaya yana neman gafara.

"Na zo muku da ƙafa ɗaya, kun mai da ni mutum. Abin da na koya muku daidai ku riƙe, wanda na kuskure ku yafe mini."

Dattawan da suka yi karatu a gabansa suna share ido da bakin rawani. 'Yan rakiya suka juya daga bakin gulbi, waɗansu daga Gusau. Garba bai juya ba. Ya bi bayan jakin da Saude ke kai har Tsafe, inda ayarin masu tafiya gabas yake jira. Jatau ya fito daga rumfarsa, ya ɗora musu buhun gero a kan kaya, ya koma.

A bayan gari madugu ya ce a nan rakiya ta ƙare. Saude ta sauko.

"Baba, ka yafe mini."

"Ba ki yi mini komi ba, Uwata."

"Ka faɗa dai, in ji da kunnena."

"Na yafe miki duniya da lahira. Allah ya yi miki albarka. Allah ya sa kada ki buɗe ƙunshin farin nan." Ya juya ga Attahiru. "Kai kuma, ban ba ka ita don ka kai ta ka baro ba. In kun ga ɗakin Allah, ku tuna akwai wani tsoho a Bungudu."

"In muna da rai za mu dawo, Baba."

"Haka kowa ke cewa. Allah ya haɗa kanku, ya tsare ku. Ku tafi."

Attahiru ya ɗora ta a jaki, ya gyara mata mayafi, ya ce a hankali, "Uwar Tulu, kin shirya?"

"Ja mu tafi, Na-Gwanja, kafin in waiwaya."

Ba ta waiwaya ba sai da suka yi nisa. A lokacin Garba bai iya gane fuskarta ba, hannu kawai ya ga an ɗaga.

Jirgin ƙasa ya zo Gusau daga baya, kamar yadda aka yi ta faɗa. Duk alhajin da ya sauka, Garba sai ya je ya tambaye shi. Wani ya ce ya ga malami Bagwanje yana karantarwa a wani ƙauye gaba da Barno, da matarsa mai goyo, amma bai tambayi sunanta ba. Wani ya ce bai ga kowa ba.

Ko sun isa Makka, ko suna hanya, ko goyon nan jikansa ne, har yau babu wanda ya sani a Bungudu.