Saƙon Da Ya Faɗa Wayar Kowa

Ranar da Auta ta fara haɗuwa da shi, ƙafafunsa ta fara gani. Yana ƙarƙashin tebur yana laluben cajar laftop ɗinsa, ita kuma ta hawo benen tana haki, ƙafar kyamara a kafaɗa, jaka a hannu.

"Salamu alaikum. Don Allah nan ne ɗakin masu haɗa manhajar waya?"

Ya yi wuf zai miƙe, kansa ya gwaru da tebur. Sauran samarin da ke ɗakin suka bushe da dariya. Shi kuwa ya fito yana murza ƙeya, ya ɗago, idonsa ya faɗa cikin nata. Shi ke nan, amsa sallamar ma sai wani ne ya yi masa.

Auta ta yi musu bayani. Tashar bidiyo za ta buɗe a intanet, ta riƙa hira da masu haɗa manhaja. Kowa na latsa waya daga safe har yamma, amma babu wanda ya san fuskar mutumin da ya zauna ya haɗa abin da ake latsawar.

Gaba ɗaya suka nuna shi. "Ga mutuminki nan. Malam Shiru muke ce masa. In kika sa ya yi magana, tasharki ta yi albarka."

Manhajarsa ta tuna wa mutum lokacin shan magani ce. Lokaci na yi, waya za ta yi ƙara, saƙo ya fito. Yawancin masu amfani da ita tsofaffi ne.

Ranar ɗaukar hirar kuwa, kada ku so ku gani. Ana kunna kyamara bawan Allah ya ƙame, gumi na bin wuyansa. Ta tambaye shi sunan manhajar da shi da kansa ya raɗa mata, ya ce, "Na'am?"

Auta ta danne dariyarta. Ta juya kyamarar ta saita hannuwansa da allon laftop, ta jawo kujera kusa.

"Manta da wannan abar. Ni za ka gaya wa. Me ya sa ka haɗa ta?"

Sai ya ce, "Mamana ce. Tana da hawan jini, kuma tana mantuwa. Wata rana ina wurin aiki ta faɗi a kicin." Daga nan magana ta zo masa, a hankali, babu ado. Auta ta manta da tambayoyin da ta shirya, ta zuba masa ido kawai. A ranar zuciyarta ta tafi, ko da yake da an tambaye ta da ta rantse ba haka ba ne.

Da bidiyon ya fita, ta tura masa saƙo:

"Malam Shiru, masu kallonmu ba su cika motar haya ba."

Ya amsa: "Kuma rabinsu ni ne. Kada ki karaya, Darakta. Aikinki na da kyau."

Ashe a rubuce bakinsa ya fi na kowa kaifi. Tun daga nan ya zama ɗan aikin tashar ba tare da an ɗauke shi ba. Shi ke riƙe fitila, shi ke gyara sauti idan fanka ta ɓata shi, shi ya haɗa ta da wata baiwar Allah mai manhajar koyar da yara karatu, da wani mai ta manoma. Masu bibiyar tashar suka fara ƙaruwa. Darakta ta koma Daraktata, Malam Shiru ya koma Shiruna, kuma babu wanda zai iya cewa ga ranar da aka yi canjin.

"Daraktata, kin ci abinci ko kina can kina yanka bidiyo?"

"Ina yanka wurin da ka yi tari a bayan kyamara, Shiruna."

"Ki bar shi. Shi ne kaɗai gudummawar muryata a tashar."

Da magana ta yi nisa, Auta ta gaya wa Umma, Umma ta gaya wa Abba. Abba tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mutum mai son a yi magana a miƙe. Ya ce yaron ya zo.

Ya zo da sabon ɗinki, ya durƙusa ya gaida Abba. Daga nan sai shiru. Abba ya tambayi sana'arsa, ya ce, "Manhaja." Ya tambayi abin da ke tafe da shi, ya buɗe baki ya rufe. Shayin da aka kawo masa ya huce bai taɓa ba. Auta na bayan labule tana jin kamar ta shiga ta yi maganar a madadinsa.

Bayan ya tafi Abba ya kira ta.

"Auta, ban ga mugun hali a tare da yaron nan ba. Amma aure ba rubutu a waya ba ne. Akwai ranar da abu zai ɓaci a gida, ana bukatar namiji ya tsaya ya buɗe baki ya ɗauki nauyi. Wanda ya kasa gaya min abin da ya kawo shi, ranar nan ɓuya zai yi. Ba zan ba shi ke ba."

"Abba, wallahi ba haka yake ba."

"To ni haka na gan shi."

Ta shiga ɗaki ta yi kukanta. Ita ba za ta saɓa wa Abba ba, kuma ba ta ga yadda za ta iya son wani ba.

Ana cikin haka sai ga wani saurayi da ake kira Mai Kwat. Yana da kamfanin manhajar sayayya, ga ƙamshi, ga baki kamar rediyo. Hirar da Auta ta yi da shi ta yi farin jinin da tashar ba ta taɓa gani ba. A ƙarƙashin bidiyon mutane suka cika sharhi da "kai, kun dace" da "Allah ya sa mu sha biki." Shi ma bai yi sanya ba. Ya nemi gidan, ya zo gaida Abba, suka yi ta hira har Abba na ƙyaƙyata dariya.

Malam Shiru ya karanta sharhin nan tas, ya kuma ji labarin ziyarar. Ya rubuta mata:

"Na ga tasha ta yi gaba. Allah ya sanya alheri a duk abin da kika zaɓa."

"Abin da za ka ce ke nan?"

Bai amsa ba. Shi a ganinsa hanya ya ba ta. Ita kuma a ganinta ya sallama ta ne ko gardama babu, kuma abin ya yi mata ciwo fiye da maganar Abba. Ta riga ta gaya wa Mai Kwat cewa zuciyarta na wani wuri, amma fushi ya hana ta gaya wa wanda ya kamata ya ji. Suka ɗauke wa juna wuta, kowa na ramewa a ɓangarensa.

To, masu haɗa manhaja suna da wata ɗabi'a. Kafin su saki sabon gyara sai sun gwada, kuma wurin gwajin duk abin da ya zo musu a kai shi suke rubutawa. Manhajar Malam Shiru hanya biyu gare ta: ta gwaji, wadda saƙo ke zuwa wayarsa shi kaɗai, da ta gaske, wadda ke zuwa wayar kowa. Tun da suka ɓata, abin da ya kasa tura wa Auta shi yake rubutawa a wurin gwajin. Ya tura wa kansa, ya karanta, ya goge.

Rannan da rana tsaka ya yi gyara, kansa ba ya tare da shi, ya manta bai mayar da ita kan hanyar gwaji ba. Ya rubuta, ya latsa.

Wayar abokin da ke gefensa ta yi ƙara. Ta na bayansa ma ta yi. Abokin ya karanta da ƙarfi:

"Daraktata, na yi kewarki har ba na gane abin da nake rubutawa. Kin san ban iya magana ba, amma wallahi ban taɓa son kowa kamar ke ba. Ki yafe min shirun nan. Zan koma wurin Abba ko da korata zai yi."

Innalillahi! Saƙon ya tafi wayar duk mai manhajar, kuma ya zauna a gurbin saƙon shan maganin rana.

"Ka ce 'yan kutse ne," in ji abokin. "Kowa haka yake cewa. Ka kashe wayarka zuwa gobe, ƙura ta lafa."

Malam Shiru ya girgiza kai. Kunyar ma ba ita ce a gabansa ba. Tsofaffin da ke jiran waya ta ce musu lokaci ya yi su yake tunani. Ya gyara kuskuren, ya tura saƙon ban haƙuri, amma ya san da yawansu in sun duba waya sau ɗaya ba sa sake dubawa. Sai ya buɗe lambobin masu yawan shekaru, ya fara kira ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka yi masa faɗa, wata tsohuwa ta yi ta dariya tana cewa Allah ya ba shi Daraktar. Bai tsaya ba har muryarsa ta fara dishewa.

Auta na falo tana aikin bidiyo, idonta jawur, don ita ma saƙon ya shigo mata, ta karanta har ta haddace. Abba na kan kujerarsa. Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka ya buɗe sifikar wayar yadda ya saba, gidan duka sai ya ji.

"Salamu alaikum, Baba. Ni ne wanda ya haɗa manhajar shan magani da ke wayarku. Saƙon da ya zo muku ɗazu kuskurena ne, ba na kowa ba. Ku gafarce ni. Baba, kun sha maganin rana?"

Hannun Auta ya tsaya cak a kan laftop. Ita ba ta ma san Abba na da manhajar ba. Shi kuma mai kiran bai san da wa yake magana ba.

Abba ya gyara zama. "Ban sha ba. Na tsaya karatun soyayya."

"Don Allah ku sha yanzu. Zan jira a layi."

Abba ya yi wa Auta nuni. Ta kawo ruwa da maganin. Ya haɗiye ƙwayar, ya ajiye kofin.

"Na sha. To, wannan Daraktar wace ce?"

"Yarinya ce mai mutunci, Baba. Ba ta san na rubuta ba, ba ta da laifi ko kaɗan. Ku yi haƙuri, ba zan faɗi sunanta ba."

"Shi Abban nata fa? Mugu ne?"

"A'a, wallahi. Gaskiya gare shi. Na je gabansa na kasa magana. Ko ni ne uba, abin da zan yi ke nan."

"Mutum nawa ka kira yau?"

"Ban ƙirga ba, Baba. Da saura dai."

Abba ya dubi 'yarsa da ta toshe baki da mayafi tana hawaye.

"To ai ga shi kana yi masa maganar. Ka gama kiran bayin Allah tukuna, kada wani ya kwana bai sha magani ba. In ka gama, ka gaya wa manyanka ina son ganinsu."

Aka ji wani abu ya faɗi a can ɓangaren, da alama wayar ce. Sai can wata dishasshiyar murya ta ce, "Abba?"

"Shi ne. Maza, aikinka na jiranka."

Umma da ke bakin ƙofar kicin ta tafa hannu. "Oh ni! Wato tun bidiyon farko ka sa aka saka maka abin nan, kana ta fama da mu da ba ka son yaro?"

"Na ce ba zan ba shi 'yata ba. Ban ce ba na son lafiyata ba."

Auta ta durƙusa a gabansa tana dariya tana kuka. Abba ya dafa kanta. "Na yi masa gurguwar fahimta, Auta. Yau abu ya ɓaci masa a gaban duniya, bai ɓuya ba."

Da la'asar saƙo ya shigo, wannan karon wayarta ita kaɗai:

"Daraktata, na duba sau ba adadi, ke kaɗai nake tura wa. Kin yafe min?"

"Na yafe, Shiruna. Amma ka sani, yanzu tsofaffin gari duka shaidu ne. Babu fasawa."

"Ko babu shaidu babu fasawa."

Kafin biki ya zo da ƙafarsa ya zauna gaban kyamararta, ya yi wa matasa masu koyon aikin bayanin kuskuren da ya yi da yadda za su kauce masa. Ya yi in'ina, ya yi gumi, amma ya kai ƙarshe. Auta ba ta yanke ko daƙiƙa ɗaya ba.

Ranar da aka ɗaura aure, bayan jama'a sun ragu, Abba ya kira su su biyu. Maman ango da Umma na gefe, suna ta share ido. Abba ya kama hannun Auta, ya daɗe riƙe da shi kamar ba zai saki ba.

"Ga ta nan. Ita ce ƙaramata, kuma ba na jin daɗin rabuwa da ita, ba zan ɓoye maka ba. Zama ba ya rasa saɓani. Ranar da ka ɓata mata, ka yi mata abin da ka yi min. Ka ce laifinka ne, ka tsaya ka jira har ta huce."

"Na yi alkawari, Abba," in ji ango, muryarsa ko rawa ba ta yi ba.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku."

Ɗakin ya amsa da amin. Auta ta ɗago a hankali ta dube shi ta ƙarƙashin mayafi, shi ma ita yake kallo. Abba ya saki hannunta.