Kwallin Mma Hawawu

"So kike in je in ce wa mahaifiyata ita ta kashe jikarta?"

Mansuru ne ke tambayar matarsa. Abiba ta dube shi, takardar gwaji a hannunta, idanunta sun kumbura tun a cikin trotro, motar hayar da ta kawo ta gida.

"Baban Zelia, ban ce ka faɗa mata haka ba! Cewa na yi kar ta ƙara sa wa ɗanmu Imurana kwallin nan..."

Shekara shida ke nan Abiba tana aiki a ɗakin gwaje-gwajen sinadarai, tana nazarin yadda ƙarafa ke haɗuwa da wasu sinadarai su canza launi. Yau da safe ta ɗebi kaɗan daga tandun kwallin surukarta, ta narkar, ta ɗiga masa wani koren ruwa mai suna ditizon. Ruwan nan in ya tarar da dalma, ƙarfen nan mai guba, rungume ta yake yi ta gefe biyu, sai ya koma ja.

Ya koma jajir. Ta saka shi a na'urar auna haske, allura ta haura daidai inda dalma take nunawa. Sau uku tana maimaitawa, tana roƙon Allah ya sa kuskurenta ne.

Bara suka binne Zelia, 'yar shekara biyu, bayan ciwon ciki da jijjiga da aka kasa gane kansu. Kullum da safe kakarta ke rangaɗa mata kwalli, ita kuma ta murza ido ta tsotsi yatsa.

"Abibata, ki ji tausayina," in ji Mansuru. "Da kwallin nan aka raine ni. Rabin yaran unguwar Nima daga tandun Mma aka sa musu. Ga ni, ban mutu ba!"

"Zelia fa?"

Ya zauna bakin gado ya riƙe kai.

"In Mma ta ji wannan, ba za ta kai azumi ba. Ki bar ni da uwata, don Allah..."

"Ni kuma ka bar ni da ɗana! Wallahi ina son ka, amma gobe zan ɗauke shi mu koma gidanmu Kotobabi."

Labule ya motsa.

Mma Hawawu ce tsaye, Imurana ɗan wata biyar a kafaɗarta, tandun a ɗaya hannun. Idanun yaron sun sha sabon kwalli, yana ta dariya.

"Mma..." Mansuru ya miƙe zumbur.

Tsohuwar ba ta ko kalle shi ba.

"Abiba, 'yata, ke ce mai karatu. Kar ki rufe ni. Zelia... ni ce?"

Abiba ta sunkuyar da kai. Hawaye kawai.

Tandun ya suɓuce ya faɗi. Mma ta zauna a ƙasa, ta jiƙa gefen mayafinta da ruwan buta, ta shiga goge idon yaron a hankali.

"Kullum sai na ƙara wa Zelia," take cewa. "Don ta fi kowa kyau..."