Batirin da Ya Daina Mutuwa

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa sa'ad da Yaya ya shigo gida yana tura keken lantarkinsa da hannu. Duk wanda ya gan shi a ƙasa keke a gefe, ya san batir ya mutu a hanya. Uwarsa na zaune a tsakar gida tana goge kwanukan da suka yi kwantai. Ta dube shi, ta dubi kwalayen mutane da ke ɗaure a bayan keken ba a kai wa masu su ba, ta ci gaba da gugarta.

Matar nan kwanuka take sayarwa, kuma tun mijinta na da rai 'yan kasuwa suka laƙaba mata Ba-Ragi. In ita ke sayarwa, abin da ta faɗa shi ke nan. In ita ke saye, sai mai kaya ya yi gumi, kuma ko ya sallama ba ta tashi sai an yi mata gyara. Da ɗan abin da ta gada ta sayi keken, ɗanta yana kai wa mutane kaya da shi, kuma da shi gidan ke ci.

"Umma, mai shago ya ce zafi ke cinye shi," in ji Yaya yana zare batirin. "Wai kada a jona shi da ɗuminsa, a bari ya huce. Kada a ɗora shi kan katifa, kada rana ta taɓa shi. A samar masa wuri mai sanyi."

"Da yake sayar mana bai ce jariri muka saya ba," ta ce.

Wuri mai sanyi ɗaya ne a gidan: ɗan ɗakin baya, wanda ba taga sai ƙofar katako. Marigayi mai gidan bai taɓa ajiye ko tsintsiya a ciki ba, kuma in ya zo wucewa ta bakin ƙofar yakan yi sallama ƙasa ƙasa. Ba-Ragi ta ɗauki wannan cikin halayensa na tsoho. A yammacin nan ta sa Yaya ya ja waya daga falo zuwa can, ta ce da 'yar autarta ta kai batirin.

Auta budurwa ce mai surutu, ba ta tafiya ba ta waƙa. Ta rungumi batirin ta shiga, ta ajiye shi a kusurwa kan siminti, ta jona caja. 'Yar jar fitila ta kama, wani siririn kuka kamar na sauro ya cika ɗakin. Ta fito ba ta waƙa.

Ana kiran sallar magariba dutse na farko ya faɗo kan rufi.

Suka ce yaran maƙwabta ne. Ba-Ragi ta fita da bakinta, ta tarar da layin shiru, ko kaza babu. Ta dawo, wani dutsen ya faɗo cikin kwanukanta, ƙarar ta daɗe tana zagaya gidan. Da ta ɗauka sai ta yar da sauri, domin zafi gare shi kamar an ciro shi daga murhu.

Haka aka shiga. Kullum da an jona batir, duwatsu su fara sauka. Da safe a tarar an zare caja an naɗe wayar tsaf an ajiye a bakin ƙofa, batir bai ko kai rabi ba. Wani lokaci a ji tari a ɗakin baya, tarin ƙaramin yaro mai ciwon ƙirji. Yaya ya ce a mayar da cajin falo.

"A bar wa wa ɗakin?" in ji uwar. "Wanda ke so ya zo ya nuna mini inda ya zuba bulo ɗaya a ginin nan."

Auta ce mai jonawa, ita ce kuma ta soma canjawa. Ta daina ci, ta daina magana. Wata ranar da yamma uwar ta neme ta ta rasa, sai ta same ta durƙushe a kusurwar ɗakin baya, ta tura batirin gefe, tana shafa simintin a hankali kamar mai lallashin yaro. Da ta waiwayo, idanun nata ne, amma kallon na wata ce.

"Sau nawa zan cire?" ta ce, da muryar tsohuwa.

Yaya ne ya je ya ɗauko Malam, wani dattijo mai ƙaramin jiki da ya yi suna wajen ruƙiya. Ya iso bayan la'asar, ya sa aka zaunar da Auta kan tabarma, Yaya ya riƙe kafaɗunta. Kafin ya fara ya juya ga uwar.

"Baiwar Allah, abu ɗaya nake roƙo. Duk abin da za ki ji, kada ki sa baki."

Ya soma karatu a hankali, muryarsa na tashi kaɗan kaɗan. Inuwa ta cinye tsakar gida. Auta ta yi ta murɗewa, gumi na zubo mata, har can ta saki wani nishi mai tsawo ta zauna daram.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Mai ɗakin baya. Ina nan tun wurin nan yana fili. Mijin waccan ya sani, ya bar mini kusurwata, ban taɓa taɓa masa ko cokali ba."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Ɗana ke kwance a kusurwar nan, ba shi da lafiya. Ta zo ta ɗora masa akwatin wuta a ƙirji. Yana kuka, abin yana kuka. Na cire, sun mayar. Na yi jifa, sun mayar. To, na ɗauki tasu, su ji yadda ake ji."

Malam ya ce ba da sani aka yi ba, kuma zalunci ne a kama wanda bai gani ba. Aljanar ta ce sai dai su tashi su bar mata gidan duka. Ba-Ragi ta motsa, Malam ya ɗaga mata hannu, ya koma karatu. Aka daɗe ana ja. Daga gida duka aka sauko rabin gida, daga rabi aka sauko ɗakin baya: a zare waya, a rufe ƙofa, kada a ƙara shiga. Aljanar ta rantse za ta saki yarinya, ba za ta dawo ba.

Ba-Ragi na gefe tana saurare, ranta na tafasa. A ganinta Malam bai iya ciniki ba. An ba da ɗaki sukutum, an sha jifa, batir ya ƙara lalacewa da yawan cirewa, kuma za a tashi hannu wofi. Malam ya buɗe baki zai rufe zance da addu'a, sai ta ji bakinta ya riga ta.

"To, gyara fa?"

Kan Auta ya juyo a hankali.

"Baiwar Allah," in ji Malam.

"A'a, Malam, bari. Ta samu ɗaki kyauta. Mu kuma ta kashe mana batir, yaro yana turo keke kamar mai tallan ruwa. Ta sa mana wani abu a kai."

"Me kike so, mai kwanuka?" in ji muryar.

"Batirin nan ya daina mutuwa."

"Da me za a ciyar da shi?"

"Wannan kuma ke ta shafa."

Bakin Auta ya yi murmushin da ba nata ba. "An ba ki."

Yarinyar ta yi atishawa ta sulale jikin yayanta. Da ta buɗe ido ta ce, "Umma, ƙishirwa." Malam ya tashi ya sa takalmansa, bai karɓi ko ruwa ba, bai kuma dubi uwar ba har ya fita.

Jifa ya tsaya. Aka rufe ɗakin baya. Washegari Yaya ya danna maɓallin batirin da ba a jona ba, fitilunsa suka kama kore har sama. Ya yini yana kai kaya, ya dawo suna nan kore. Aka ajiye caja cikin kwali aka manta da ita. Ba-Ragi ta riƙa tafiya kasuwa kanta a sama.

Auta ta dawo hayyacinta, amma ba ta dawo da ƙarfinta ba. Da safe garau take tashi. Da Yaya ya fita, sai hamma, sai jingina da bango. Kafin azahar tafin hannunta ya yi sanyi, wuyanta ya fara fitowa. Aka kai ta asibiti, aka auna, aka ce ba a ga komai ba, ta riƙa cin abinci. Ran da Yaya bai fita ba kuwa, har waƙa take yi. Uwar ta lura da haka, ta kawar da kai, don ba ta son abin da zuciyarta ke gaya mata.

Wata ranar ba ta je kasuwa ba. Auta na wanki a tsakar gida, ita kuma ta kira Yaya a waya kan wani saƙo. Ya ce yana hawan tudu da buhuna, ta yi magana da ƙarfi. Tana jin kukan injin keken a kunnenta na dama, sai ta ji irinsa a na hagu. Daga maƙogwaron Auta yake fita. Yarinyar ta kife kan bahon wanki, leɓɓanta sun yi fari.

"Tsaya," ta ce a wayar. "Sauka daga kan keken."

Kukan ya ɗauke. Auta ta ja numfashi ta ɗago kai.

Sai Ba-Ragi ta ce, da muryar da ita kanta ba ta gane ba, "Murɗa kaɗan." Ya murɗa. Kan Auta ya koma cikin kumfa.

"Kashe shi. Cire batirin, ka rungumo shi. Kada ka bari ya bugu da komai."

A ranar ta je gidan Malam da ƙafarta, ta durƙusa, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Ya zo ya buɗe ɗakin baya, ya yi karatu har muryarsa ta dushe. Ba tari, ba dutse. Ɗakin ma ya daina sanyi.

"Ta kwashe ɗanta ta tafi," ya ce. "Cinikin da na yi ya tabbata. Naki kuwa, babu wanda za a mayar wa."

"In fasa shi?"

"Ban san abin da zai fashe tare da shi ba."

Yaya ya jingine keken ya koma dako a kasuwa. Batirin kuwa ya koma ɗakin uwar, ƙarƙashin gado, kan siminti. Ba ta daɗe ba ta gane sauran: ran da rufi ya gasa ɗakin, Auta ta kwana da zazzaɓi; ran da damina ta jiƙa bango, ta tashi da tari. Sai ta riƙa rufe kwanukanta tun rana ba ta take ba, ta dawo ta zauna tana yi masa fifita.

Labarin batirin da ba ya mutuwa ya kai kunnen mai shago, ya zo har gida. Ya taya, ya ƙara, ya ce zai haɗa mata da sabo fil.

"Ba na sayarwa ba ne," ta ce.

"Haba Ba-Ragi, faɗi naki mu ji."

Daga ciki ana jin Auta tana 'yar waƙa, muryar siririya.

"Kai da ka san su," in ji Ba-Ragi, "wanda ba a hawa, shekara nawa yake yi?"

"Ko an hau ko ba a hau ba, tsufa yake yi a hankali. Kowane batir da ranarsa."

"In an kula da shi fa?"

"Yana ɗan ƙara kwana."

Ta gyaɗa kai, ta raka shi bakin ƙofa ta sa sakata. Sannan ta shiga ɗaki ta durƙusa gaban gado, ta miƙa hannu cikin duhu, ta taɓa shi da bayan hannunta ta ji ko da zafi.